Karin Kumallon Injiniya Zulkifli

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara a bakin tashar Kankia ya san Zulkifli. In bai riƙe sunansa ba, to ya riƙe bakinsa. Injiniya ake ce masa, kuma ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya sayi fenti ya rubuta a allon rumfarsa, mu kuma da ba mu da aikin yi muka kama masa. Ka kai masa waya mai matsalar caji, sai ya zaunar da kai ya ba ka labarin yadda ake ƙera ta tun daga tushe. Bayan kwana uku ka karɓi abarka tana caji lafiya lau, sai dai in an kira ka ba za ka ji maganar kowa ba.

Wata Laraba dillalin gwanjo ya sauke kaya daga Kano. A cikinsu har da wata tukunyar lantarki fara mai murfin gilashi, irin wadda ake jona wa wuta ta yi ta dahuwa a hankali har gari ya waye. Zulkifli ya rungumo ta zuwa gida kamar jariri. Ya tarar da matarsa Safiyya durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace, hayaƙi ya mai da idonta jawur, 'yarsu Ulfa tana goye a bayanta. Mutumin kirki da ya ga haka sannu zai ce. Injiniya kuwa sai ya dire tukunya a tsakar gida ya gyara murya.

"Kin ga wannan? Duk wahalar da kike cewa kina sha tun asuba, wannan za ta yi ta ina kwance ina barci. Ai dama girki ba aiki ba ne, zama ne kawai kusa da wuta."

Da ƙarfi ya faɗa, don maƙwabciyarsu Inna Kubura ta ji ta bayan katanga. Ta kuwa ji.

Safiyya ta ci gaba da hura wutarta. Ta ƙarasa tuwonta, ta kwashe, ta ajiye masa nasa. Washegari yana fita rumfa ta ɗaure kayanta, ta saɓi Ulfa, ta hau mota sai Kaikai, gidan mahaifinta Malam Arzika mai makarantar allo. Saƙo ɗaya ta bari wurin Inna Kubura: a gaya masa ta bar wa tukunya murhu da tsintsiya, Allah ya ba su zaman lafiya.

Kwana goma sha ɗaya Zulkifli ya yi a kan burodi da shayin Lawal, mai teburin shayi na bakin layinsu. Wandonsa ya fara zamewa, sai da ya ƙara huda bel da ƙusa. Tukunya kuwa tana nan a kusurwar ɗaki ko jona ta bai yi ba, don bai san abin da ake zubawa a ciki ba. Gaskiyar magana, yana son Safiyya, kewarta ta hana shi sakat. In ya shiga gida ya ga takalmin Ulfa guda ɗaya da aka manta a bakin ƙofa, sai ya ɗauka ya yi ta juya shi a hannu. Abin da ya rage masa shi ne biko, ya wanke ƙafa ya je Kaikai ya durƙusa gaban surukai ya ce ya yi kuskure. To fa nan gizo... a'a, nan bakinsa ya ƙi lanƙwasuwa.

"Ka je ka ba da haƙuri mana," in ji Lawal yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. "Dubi wuyanka, kamar na zabo."

"Ni? Haƙurin me? Ƙarya na yi?"

"To ka ci gaskiyarka da burodi."

"Ku dai ba ku san zamani ba. Malam zan gayyato da kansa. Ya zo ya karya kumallo da abincin da ya dafa kansa ina barci. In ya gani da idonsa, shi zai koma ya ce wa 'yarsa mijinki ya fi ki gaskiya, tattara ki koma."

"Malam Arzika zai ci abinci a gidanka?"

"Har ya nemi ƙari! Ku ma duk ku zo. Asabar da safe, kada wanda ya sha shayi."

Lawal ya buɗe baki zai ce wani abu, sai wani ɗan majalisarmu ta teburin shayi ya taka masa ƙafa. Allah ya yafe mana, mu 'yan majalisar nan. Duk mun ga ramin da Injiniya ya nufa, amma an daɗe ba a yi abin kallo a unguwa ba, sai muka haɗa baki muka ce, "Allah ya kai mu!"

Nan take ya kira surukinsa. Da aka ɗauka sai ga Injiniya ya zame daga benci ya tsuguna a ƙasa, waya a kunne, yana gaisuwa kamar Malam na gabansa. Ya zuba bayani mai tsawo. Malam Arzika ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To. Ina tahe." Ya kashe.

Yanzu saura abin dafawa. Zulkifli ya lalubo wani bidiyo a waya: wata Baturiya ta zuba ots, wani hatsinsu da ake sayarwa a gwangwani, ta ƙara madara da ruwa, ta rufe, ta kwanta. Gari ya waye ta buɗe tana murmushi, yara suna tsalle. Sau tara ya kalla. Abin da bai lura da shi ba, Baturiyar mutum huɗu take ciyarwa, shi kuwa goma sha biyar ya gayyata, ban da waɗanda za su ji labari su gayyaci kansu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya bi shagunan Kankia ɗaya bayan ɗaya. Gwangwani guda ya samu, can saman kanta, ƙura ta rufe shi. Ya jijjiga shi a kunne, ya ga ko shi kaɗai ba zai ƙosar ba. Sai ya biya wurin mai injin niƙa ya auno tsakin masara kwano ɗaya. Ai hatsi hatsi ne, in ji shi, Bature dai ya iya gwangwani.

Madara kuma sai ya tare Hawwa'u, Bafulatanar da ke kawo nono daga wajen Bauranya.

"Madara nake so, sabuwa fil, tatsar yau."

"Ta ƙare tun hantsi. Wannan na jiya ne, ya riga ya kama."

"Fari ne ko ba fari ba?"

"Fari ne, amma in ya ji ɗumi zai tashi. Fura za ka dama?"

"Inji zan ba."

"Inji na shan nono?"

"Zuba kawai, Hawwa'u. Wannan ilimi ya fi ƙarfin ruga."

Ta juye masa ƙwarya guda, tana kallonsa irin kallon da ake yi wa mara lafiya.

Da magariba ya baje kaya a tsakar gida. Matsala ta farko, kan wayar tukunyar bai shiga soket ɗin gidan ba. Wannan kam fagensa ne. Ya datse kan da almakashi, ya fere wayoyi biyu da haƙori, ya cusa su a ramin soket ya tokare da tsinken ashana. Fitilar tukunya ta kawo ja. Ya yi kabbara shi kaɗai.

Ya juye ots, ya juye tsaki, ya kwarara nono, ya bi da sukari da ruwa har sai da abin ya zo daf da baki. Inna Kubura, wadda ta tako turmi ta leƙo ta saman katanga, ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, ka jiƙa tsakin kuwa?"

"Inna, inji ba ya buƙatar jiƙo."

"Ka bar masa wurin kumbura?"

"An lissafa komai."

"Wa ya lissafa?"

"Waɗanda suka ƙera jirgin sama."

"To su zo su sha. Ni dai in na ji ƙara zan kwance awakina."

Kafin a kira isha'i abin cikin tukunya ya fara motsi. Murfi ya ɗaga kaɗan, ya koma, ya sake ɗagawa, farin kumfa na leƙowa ta gefe. Baturiya ta ce kada a buɗe murfi ko sau ɗaya, don haka Zulkifli ya samo robar tayar keke ya ɗaure murfin tam, ya zagaya sau huɗu ya ƙulle. Yana gama ƙullin aka ɗauke wuta.

Ya tsaya cikin duhu yana kallon inda jar fitila take a da. Ya murɗa makunnin tukunya har ƙarshe, ko Allah zai sa a kawo ta rama lokacin da aka ɓata. Don kada ɗumin ya gudu, ya ɗauko bargon da Safiyya ta zo da shi gidan aure ya naɗe tukunyar ruf, ya ja ta cikin ɗaki wayoyinta na nan a soket, ya kwanta yana tsara jawabin da zai yi wa Malam.

Abin da ya faru yana barci, daga baya ne aka gane. Nonon Hawwa'u ya samu ɗumin bargo da sukari, ya yi abin da ta ce zai yi. Can gab da asuba aka dawo da wuta da ƙarfinta, tukunya kuma tana kan lamba ta ƙarshe.

Da ya tashi salla ya ji wani wari ya cika ɗaki, tsami a sama, ƙauri a ƙasa. Ya shaƙa, sannan ya ce wa kansa ƙamshin ƙasar waje ke nan, hancinmu ne bai saba ba. Ya yaye bargo ya ga ya ƙone da faɗin faranti a tsakiya. Ya cusa shi ƙarƙashin gado ya tafi masallaci.

Ƙarfe bakwai ƙofar gidansa ta cika. Ya shimfiɗa tabarmi uku, ya jera kwanonin da ya kwaso daga kabad ɗin Safiyya. 'Yan majalisa sun zo, kowa da cokalinsa a aljihu. Lawal ya rufe teburinsa, abin da ko ranar salla ba ya yi. Zulkifli yana ciki yana kokawar cire wayoyi daga soket lokacin da mota ta tsaya a bakin layi, don haka bai ga saukar baƙi ba. Da ya fito rungume da tukunya, ya tarar da Malam Arzika zaune a kan buzu, farar riga, farin rawani, carbi a hannu. Ya dire tukunya ya zube ƙasa.

"Barka da asuba, Baba. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau. Wagga ita ce mai aikin?"

"Ita ce, Baba."

"Mi ya sa ka ɗaure ta? Gudu take yi?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Zulkifli ya miƙe ya soma jawabi. Ya yi magana a kan hayaƙi da illarsa ga ido, a kan sare itatuwa, a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suka daina hura wuta tun kakanninmu na yara. Yana cikin magana iska ta kaɗo warin zuwa kan tabarma. Wani dattijo mai gadin makarantar firamare ya toshe hanci da hula.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, ba abin maye ka dafa mana ba? Ga Malam zaune fa!"

"Subhanallahi! Ots ne, abincin likitoci!"

"To likitocin sun mutu a ciki," in ji Lawal.

Zulkifli ya ga in ya ƙara minti ɗaya jama'a za su watse. Ya zaro reza ya ce, "Bismillah," ya yanke robar.

Fuuu! Murfi ya yi sama ya faɗo a kan yashi. Wani dunƙule fari ya tashi ya manne a hular Lawal, wani ya sauka a gefen rigar Malam. Sauran ya kumburo ya fito daga tukunya a hankali, ya gangaro ta gefe, ya nufi tabarma kamar mai neman wurin zama. Mutane suka janye ƙafafu. Malam Arzika ya dubi gefen rigarsa, ya dubi surukinsa, ya ci gaba da jan carbi.

"Na saman ne kawai," in ji Zulkifli, gumi na bin wuyansa. "Daɗin yana ƙasa."

Ya cusa ludayi. Ya wuce kumfa mai tsami, ya shiga tsaki ɗanye mai ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa, ya je ya ci karo da wani abu baƙi mai tauri a gindi. Ya danna, ya murɗa. Ludayin ya karye, ya bar shi da mariƙi a hannu.

Kazar Inna Kubura ta zo wucewa, ta ga abin da ya zuba a ƙasa, ta kai baki sau ɗaya. Ta girgiza kai, ta goge baki a ƙasa hagu da dama, ta yi gaba. Nan fa majalisa ta fashe, har da masu riƙe ciki.

Amma bakin Injiniya bai mutu ba tukuna. Ya sa cokali ya kankaro abin da ya samu, ya cika kwano, ya durƙusa ya miƙa wa Malam da hannu biyu.

Wannan shi ne ramin da muka hango tun ranar da Lawal ya so yin magana. A ƙasar nan suruki ba ya zama ya ci abinci a gaban mijin 'yarsa, shi ma mijin ko ruwa zai sha sai ya kauce daga idon surukinsa. Yaron goye ya san wannan. Zulkifli ma ya sani, tukunya ce ta cika masa kai har ya manta a wane gari aka haife shi.

Malam bai karɓi kwanon ba.

"Zulkifli, yaushe ka taɓa ganin na ci abinci gabanka?"

Zulkifli ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. "Ban taɓa ba, Baba."

"To ba yau za ni fara ba. Amma tunda kallo ka kira ni, ban taso tun daga Kaikai in koma ban gani ba. Ci in kalla."

"Baba, ni... a gabanka?"

"Kunyar da ba ta hana ka kirana ba, ba ta hana ka ci."

Ya dubi 'yan majalisa ko wani zai cece shi. Kowa ya sami abin kallo a sama. Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. Tsami ya kama masa muƙamuƙi, tsaki ya yi ƙara tsakanin haƙoransa har na ƙarshen tabarma ya ji, ƙauri ya hau masa hanci. Ya haɗiye da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa.

"Da daɗi?" in ji Malam.

"Da... da ɗan daɗi, Baba."

"Ƙara."

Ya ɗebi na biyu. Cokalin ya zo daf da baki ya tsaya. Sai ya ajiye kwanon a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, wallahi ba daɗi. Ko kaza ta ƙi. Kwana goma sha shida rabona da abincin kirki. Ni ba injiniya ba ne, ko caji ban gama iyawa ba, ku tambayi duk wanda ke nan. Na yi wa Safiyya magana ta rashin hankali, kuma girman kai ya hana ni zuwa. Gidan nan ba ya zaunuwa ba ita. Ina son matata ta dawo."

Ba wanda ya yi dariya. Lawal ma ya sauke hularsa yana goge ta a hankali.

Malam Arzika ya naɗe carbinsa. "Ni ka gaya wa maganar murhu?"

"A'a, Baba."

"To mi ya sa kake ba ni haƙuri? Ɗaga murya. Da ƙarfi ka yi waccan, an ce har maƙwabta sun ji. Ɗiyata na nan bayan katangar ga, wurin Kubura. Tun kwana uku da zuwanta take sauraren sallamarka a ƙofar gidana, ba ka zo ba. Yau ta ce sai ta biyo ni ta ga wadda ta gaje ta."

Zulkifli ya juya ya fuskanci katangar Inna Kubura, yana durƙushe, gaban duk unguwa. Muryar da ke cika tasha ta koma 'yar siririya.

"Safiyya, ki yi haƙuri."

"Ba a ji ba!" in ji Inna Kubura daga ciki.

"Safiyya, don Allah ki yi haƙuri! Na tuba!"

Sai aka ji kukan Ulfa, sannan muryar Safiyya, a natse.

"Inna, ki ce masa na ji. Amma ba zan taka gidan ba sai ya wanke tukunyarsa da kwanonina, da hannunsa, nan ƙofar gida."

Malam ya tashi ya kaɗe buzunsa, ya yi sallama ya nufi tasha. 'Yan majalisa suka bi Lawal ya buɗe tebur, don yunwa ta fara magana. Aka bar Injiniya da bokiti da toka da soso. Baƙin gindin tukunya ya ƙi fita. Ya jiƙa, ya kankare da wuƙa, ya goga da yashi, farcensa biyu suka karye. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya," shi kuma ya amsa, "Yawwa, zaman kusa da ruwa nake yi." Sai da aka kira azahar ya ga fuskarsa a gindin tukunya.

Sannan Safiyya ta fito daga gidan Inna Kubura, Ulfa a baya, ƙullin gasara a hannu. Ta duba kwanoni ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa da biyu ya sake. Ta shiga gida, ta haɗa itace uku, ta hura sau biyu wuta ta kama. Kafin ya gama ɗauraye hannu ta dama koko ta ajiye masa a gabansa, yana tururi, da ƙamshin citta da kanumfari.

Ya sha rabin kwano bai ɗago ba. Sannan ya dube ta, ya dubi murhun.

"Safiyya, wai yaya kike yin sa?"

Ta gyara goyonta, ta tura itace cikin wuta.

"Shekara huɗu kana sha," ta ce. "Yau ka fara tambaya."